Inda Dafin Kwalara Yake Kama Hanji

A shekarar 2021 hukumar NCDC, mai kula da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya, ta ƙidaya mutum 111,062 da ake zaton kwalara ce ta kwantar da su, kuma 3,604 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Jihar Bauci ce kan gaba wajen yawan majinyata, Jigawa na biye da ita da sama da mutum 15,000, sannan Kano. Wanda ya san ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta Jigawa ya san a tsakanin jihohin nan uku take zaune, ana cin kasuwa tare, ana auratayya, ana bin hanya ɗaya. Saboda haka babu mamaki da Birnin Kudu ta shiga cikin ƙananan hukumomin da aka bai wa jama'arsu rigakafin kwalara na sha kafin shekarar ta fita, ita da Dutse da Haɗeja. Abin da ya fi tayar da hankali a cikin alkaluman nan shi ne rabon waɗanda suka mutu. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa idan aka kula da masu kwalara da wuri, kuma yadda ya dace, waɗanda za a rasa ba za su kai ɗaya cikin ɗari ba. Mu kuwa mun rasa fiye da uku cikin ɗari. A ganina babban ɓangare na wannan tazara a cikin gida yake, a sa'o'in farko bayan zawo ya tsinke, lokacin da ake shawarar abin da za a fara bai wa mara lafiya. Shawarar kuwa ba ta yin daidai sai an san abin da dafin cutar yake yi wa hanji, da wurin da yake kama shi.

Ƙwayar da ke haddasa kwalara, wadda masana ke kira Vibrio cholerae, 'yar mitsitsiyar halitta ce mai ɗan lanƙwasa, tana da wutsiya guda da take iyo da ita. Ta ruwa ko abincin da bayan gidan mai cutar ya gurɓata take shiga ciki. Tsamin da ke cikin tumbi yana kashe mafi yawansu, waɗanda suka tsira su gangara ƙaramin hanji, su ratsa yauƙin da ya lulluɓe bangonsa, su manne a nan su yi ta hayayyafa. Iyakarsu ke nan. Ba sa huda bangon hanji, ba sa shiga jini, shi ya sa da wuya ka ga babban mutum mai kwalara da zazzaɓi, kuma zawonsa babu jini, fari-fari ne irin na ruwan wankin shinkafa. Wannan al'amari ya daɗe yana ɗaure wa masana kai: ta yaya ƙwayar da ba ta ji wa hanji rauni ba take kashe ƙato a yini guda? Robert Koch, Bajamushen da ya bi sawun ƙwayar a Masar a 1883 ya kuma ware ta a Kalkata a 1884, ya yi hasashen wani dafi take fitarwa, amma sai da aka shekara 75 kafin a samu hujja. A 1959 wani likita ɗan Indiya a Kalkata, Sambhu Nath De, ya reni ƙwayoyin a cikin ruwa, ya tace ruwan har babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsa, ya ɗura shi a wani yanki na hanjin zomo da ya ƙulle bakinsa biyu. Yankin ya cika fal da ruwa ya kumbura. Ashe ko babu ƙwayar, abin da ta zubar ya isa ya yi ɓarnar. Daga baya a Jami'ar Maryland ta Amurka an bai wa wasu masu sa kai tataccen dafin sun sha, aka ga maikrogiram 25 kacal, wato kashi 25 cikin miliyan na giram ɗaya, yana jawo zawon da ya haura lita 20.

Dafi komai ƙarfinsa, in bai samu makama a jikin mutum ba, wucewa zai yi da abinci ya fita. Bangon hanji shimfiɗa ce ta ƙwayoyin halitta a jere, kowace a nannaɗe da tantani na maiƙo, kuma a saman tantanin akwai 'yan gajerun sarƙoƙi na sukari iri-iri da suka miƙo kai cikin hanji. Jiki ne ya yi su don amfanin kansa. Ɗaya daga cikinsu ana kiransa GM1. Gindinsa na maiƙo ne, a binne yake cikin tantanin, kansa kuma sukari ne guda biyar a haɗe. A 1973 wasu rukunoni uku na masu bincike, na Jan Holmgren a Suwidin, da na van Heyningen a Oxford ta Ingila, da na Pedro Cuatrecasas a Amurka, kowanne ta hanyarsa, suka nuna cewa GM1 ne makamar dafin kwalara. Shi kuma dafin gini ne na furotin mai gaɓa shida. Biyar daga cikinsu iri ɗaya ne, ana kiransu B, sun haɗu sun yi zobe. Ta shidan, A, tana zaune a kan zoben, ta zura jelarta ta ramin tsakiyarsa. Gaɓoɓin B ba su da cutarwa a karan kansu, aikinsu kamu ne kawai. Kowace tana da ɗan rami da ya dace da kan GM1 cif-cif, ta yadda dafi guda yana iya riƙe GM1 biyar a lokaci ɗaya. Duk wanda ya taɓa ratsa gona bayan damina ya san halin ƙarangiya: tsini ɗaya ba ya riƙe wando, amma da yake tsinayen da yawa suke kamawa tare, kakkaɓewa ba ta fitar da ita. Haka zoben nan yake. In gaɓa ɗaya ta saki, huɗu na riƙe, kafin su saki waccan ta sake kamawa. Shi ya sa duk ruwan da ke kwarara ta cikin hanjin mai kwalara ba ya wanke dafin da ya riga ya manne.

Da zarar kamu ya tabbata, ƙwayar halittar da kanta take haɗiye dafin. Tantaninta yana lotsawa ciki ya zama 'yar jaka, jakar ta bi hanyar da ƙwayar ke fitar da kayan da ta ƙera, amma ta bi ta a juye, har ta isa sashen da ake harhaɗa furotin. A can ne wani yanki na gaɓar A yake ɓallewa ya faɗa cikin ruwan ƙwayar. Abin da yake nema wani furotin ne mai suna Gs, wanda aikinsa na makunni ne: saƙo ya zo ya kunna, jim kaɗan ya kashe kansa. Dafin yana liƙa masa wani ɗan gutsure da ke hana shi kashe kansa, sai ya tsaya a kunne. Daga nan wani sinadarin saƙo da ake kira cAMP ya yi ta taruwa a cikin ƙwayar ba ƙaƙƙautawa, shi kuma ya sa wata kafa da ke jikin tantanin, mai suna CFTR, ta buɗe ta ƙi rufuwa. Gishirin da muke ci haɗin abu biyu ne, sodiyam da kulorayid. Ta wannan kafa kulorayid yake tsiyaya daga jiki zuwa cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa kuma ya bi su duka biyun, domin duk inda gishiri ya taru can ruwa yake nufa. A lokaci guda kuma babbar hanyar da hanji ya saba tsotse gishiri da ita ta toshe. Mai lafiya ma, lita takwas zuwa tara na ruwa ne ke ratsa hanjinsa kowace rana, tsakanin abin da ya sha da yawu da ruwan narka abinci, amma hanjin yana mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita da bayan gida bai wuce ɗan kofi ba. Dafin kwalara yana juya wannan lissafi gaba ɗaya, har babban mutum ya riƙa zubar da kusan lita guda a kowace sa'a in cutar ta yi tsanani.

Daga wannan bayani abu biyu suke fitowa, kuma a kansu dukan maganata ta ginu. Na farko, dafin da ya riga ya shiga ƙwayar halitta ya wuce inda magani zai cim masa. Babu kafso, babu allura, babu jiƙo ko tsimi da zai bi shi ciki ya fito da shi. Ƙwayar da aka taɓa za ta ci gaba da zubar da ruwa, galibi har ta tsufa ta faɗi wata ta maye gurbinta, kuma bangon hanji yana sabunta kansa ne cikin kwana uku zuwa biyar. Ma'anar wannan ita ce kwalara cuta ce mai wa'adi. Wanda ya rayu ya ga ƙarshen kwanakin nan zai tashi garau, hanjinsa babu ko tabo. Abin da ke kashe mutum kafin lokacin shi ne ƙarewar ruwa da gishiri a jikinsa: ido ya faɗa, murya ta dishe, fatar yatsu ta yamutse, in an tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa, ƙafafu su riƙa ɗaurewa, fitsari ya ɗauke, jini ya yi kauri har zuciya ta kasa tura shi, ƙoda ta tsaya. In ba a yi komai ba, mai tsananin cutar yana iya tafiya cikin sa'o'i, kuma a irin wannan hali ana iya rasa rabin waɗanda suka kwanta.

Na biyu shi ne abin da dafin ya bari bai taɓa ba, kuma nan ne rahamar take. A 1960 Eugene Gangarosa da abokan aikinsa suka ɗebo 'yan gutsattsarin hanjin masu kwalara a Tailan suka duba, suka tarar da bangon lafiya lau, saɓanin abin da aka daɗe ana koyarwa cewa saɓulewa yake yi. A shekarar dai, wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana cewa akwai wata kafa ta daban a bangon hanji da ke shigar da sodiyam tare da sukarin gulukos, kuma ba ta karɓar ɗaya sai da ɗayan. Dafin kwalara ba ya rufe wannan kafa. Saboda haka in aka zuba gishiri da sukari cikin ruwa a ma'aunin da ya dace aka sha, sukarin zai ja sodiyam ya shiga jiki, ruwa ya bi su, alhali can gefe zawon yana ci gaba. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka gwada wannan a kan majinyata a Daka, suka ga buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya ta ragu ƙwarai. Babbar jarrabawa ta zo a 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladash, da kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan durom-durom, dangin majinyata suna ɗiba da kofi suna ba su. Mace-macen da suke wajen 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da 4 cikin ɗari. A lura, ba likitoci ne suka riƙa bayarwa ba, iyaye mata ne da 'yan'uwa. Kuma duk wannan ya faru ne daf da lokacin da annobar ta iso mana, domin guguwar kwalara ta bakwai da ta taso daga Indunusiya a 1961 ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta kuma shiga Najeriya a ƙarshen shekarar.

Mai karatu yana iya cewa, to ai ƙwayar cuta ce tushen abin, me ya sa ba za a fara da kashe ta ba? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ita ce ke tura mutane kemis da gudu su sayo ja da yalo ko Flagyl da zarar ciki ya ɓaci. Gaskiya ne maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da amfani a kwalara. In an ba da wanda ya dace, kamar doxycycline ko azithromycin, yana rage kwanakin zawo, yana rage yawan ruwan da ake zubarwa da kusan rabi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a bai wa masu tsananin cutar. Amma abin da yake yi shi ne hana ƙera sabon dafi. Wanda ya riga ya kama makamarsa ya shige, yana nan yana aiki, kuma a lokacin da mutum ya ga zawon farko, dafi mai yawa ya riga ya shiga. Mutum yana iya mutuwa da kafso a cikinsa, ƙwayoyin cutar suna mutuwa shi ma yana bushewa. Flagyl kuwa ba na wannan ƙwaya ba ne sam, wasu halittu daban yake kashewa. Ga kuma matsalar da shan magani barkatai ya haifar, ta ƙwayoyin da suka daina jin tsofaffin magunguna. Haka nan magungunan tsayar da zawo, masu sa hanji ya daina motsi, ba sa rufe kafar da dafi ya buɗe. Ruwan yana ci gaba da fita daga jini ya taru a cikin hanji, ido dai ne ya daina ganinsa. Kafso yana da gurbinsa, amma a bayan ruwa yake, kuma ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya zaɓe shi.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi, domin daga abin da ido ya gani yake fitowa. Uwa ta ba yaro ruwa ya amayar, ta sake ba shi ya zawayar, sai ta ce ruwan ne ke ƙara masa, bari a dakata cikin ya huta. Wanda bai taɓa jinyar mai amai da gudawa ba ne kawai zai raina wannan tunani. Sai dai ruwan da ke fita ba wanda aka sha ba ne kaɗai, daga jinin yaron ake tatso shi, kuma ko an ba shi ko an hana shi tatsar ba za ta tsaya ba. Ruwan gishiri da sukari ba a yi shi don ya tsayar da zawo ba, an yi shi ne don ya mayar da abin da ke fita, a yi ta biyan bashin har wa'adin dafin ya cika. Wanda ya sa ran ganin zawo ya tsaya bayan kofi biyu zai ce maganin bai yi ba, alhali yana yi. In an yi amai, a dakata kamar minti 10 a ci gaba da bayarwa kaɗan-kaɗan, cokali-cokali ga yaro, kurɓi-kurɓi ga babba, domin ko ana amai wani abu yana zama. Ma'auni kuma ba abin wasa ba ne, tunda kafar nan gishiri da sukari take karɓa a daidai. Fakitin ORS na asibiti ko na kemis shi ya fi, saboda yana ɗauke da fotashiyam da wani sinadari mai rage tsamin jini, kuma a ruwa mai tsabta lita ɗaya ake zuba shi, wato leda biyu ta fiya wata mai rabin lita. In babu fakiti, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin. Gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro, sukari in ya yi yawa yana jawo ƙarin ruwa cikin hanji, shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. Mai shayarwa kada ta janye nono, yara kuma a haɗa musu da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14.

Akwai kuma masu ganin magani na gaskiya shi ne ƙarin ruwa, in ba a rataya leda an soka allura ba to ba a yi komai ba. Ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Wanda ya galabaita har ba ya iya sha, ko hankalinsa ya fara gushewa, ko abin da yake zubarwa ya fi ƙarfin abin da yake sha, ƙarin ruwa ta jijiya ne kaɗai zai cece shi, kuma a gaggauce. Babu mai hankalin da zai ce a zauna da irin wannan a gida. Amma a duba inda muke. Mutumin cikin garin Birnin Kudu yana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya kusa da shi. Mutumin wani ƙauye a bayan Fagam ko Basirka ko Kila fa, da tsakar dare, a tsakiyar damina, lokacin da cutar ta fi ɓarkewa? A watan Agustan 2021, ana tsakiyar annobar, ambaliya ta karya gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka. Kafin a nemo mai babur, a tattara kuɗi, a kewaye rafi, sa'o'i uku ko huɗu sun wuce, kuma mun ga abin da dafin yake iya fitarwa a kowace sa'a. Wanda aka fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a ɗaki, aka ci gaba da ba shi a kan hanya, yana isa asibiti da jijiyar da za a iya samu a soka allura. Wanda aka bari sai an isa, sau da yawa jijiyoyinsa sun riga sun shafe.

Wani abin da ke sa mutane shakkar bayanin likitoci shi ne yadda cutar ke zaɓe. Gida ɗaya, randa ɗaya, moɗa ɗaya, amma wannan ya kwanta rai a hannun Allah, wancan ko ciwon ciki bai yi ba. Daga nan ne zancen iska da sammu yake samun wurin zama. Rai da ajali na Allah ne, amma sababan da Ya sanya a nan ana iya ganin da yawansu. Mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu ba sa nuna wata alama, ko su yi ɗan zawo ya wuce, alhali suna zubar da ita a bayan gida har kwanaki. Yawan ƙwayoyin da mutum ya haɗiya yana da tasiri, haka ƙarfin tsamin tumbinsa, haka kuma ko ya taɓa haɗuwa da cutar jikinsa ya san ta. Akwai kuma rukunin jini. Bincike a Bangladash tun shekarun 1980 ya nuna masu rukunin O sun fi shiga tsananin kwalara in ta kama su. Sukarin da ke bambanta rukunonin jini ba a jini kaɗai yake ba, akwai shi a bangon hanji da yauƙinsa, kuma an gano cewa gaɓoɓin B suna da wani rami na biyu a gefensu da ke kama irin waɗannan sukari. Hasali ma GM1 ba shi da yawa a hanjin ɗan Adam. Ƙwayar kwalara tana fitar da wani sinadari da ke datse wasu sarƙoƙin sukari ya mayar da su GM1, wato tana ƙara wa dafinta makama da kanta, kuma wani bincike na 2015 ya nuna dafin yana manne wa wasu furotin masu ɗauke da sukarin da ake kira fukos. Masana na ci gaba da muhawara a kan rabon aikin kowace makama, amma muhawarar ba ta taɓa abin da ke faruwa bayan dafin ya shiga ba, ba ta kuma taɓa maganin ba.

Ba kwalara kaɗai ke da wannan dabara ba. Wani nau'in E. coli, wanda ke cikin manyan masu jawo zawon yara a ƙasashe irin namu, yana fitar da dafi mai zoben gaɓa biyar da ke kama GM1 ɗin dai, da kuma wani ƙaramin dafi da ke kama wata makama daban ya buɗe kafar kulorayid ɗin nan. Duka biyun ruwan gishiri da sukari ne maganinsu na farko. Atini kuwa, mai jini da majina da murɗa, labarinsa daban ne. Ƙwayar Shigella tana kutsawa cikin bangon babban hanji ta yi masa gyambo, kuma mafi munin nau'inta yana da dafin da ke kama wata makama mai suna Gb3, wadda take da yawa a jijiyoyin jinin ƙoda, shi ya sa yakan lalata ƙodar yara. Wurin da makama take shi ke nuna gaɓar da za ta sha wuya. Saboda haka zawo mai jini ba na jinya a gida ba ne, ana ba da ruwan a kuma tafi asibiti.

Tunda an san makamar tun 1973, me ya hana a yi maganin da zai tare dafin kafin ya kama? An gwada. A 1980 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Bangladash, inda aka liƙa GM1 a jikin garin gawayi aka bai wa majinyata, don dafin ya kama na bogi ya bar na gaske. Gawayin ya kwashe dafin da ke yawo a cikin hanji, amma sauƙin da aka samu kaɗan ne, kuma a farkon ciwon kawai. Dalili shi ne ƙwayoyin suna manne da bangon hanji, suna zuba dafinsu daf da makamarsa, babu tazarar da za a tare shi. Inda sanin makamar ya yi amfani sosai shi ne rigakafi. Tunda gaɓar B ba ta cutarwa, an sa ta a cikin rigakafin Dukoral da aka ƙera a Suwidin, don jiki ya koyi yin garkuwar da za ta toshe ramukan zoben. Rigakafin da aka fi rabawa a lokacin annoba a Afirka, irin su Euvichol, matattun ƙwayoyin cutar ne, suna koya wa hanji ya hana masu rai zama. Dukansu kafin kamu suke aiki, kariyarsu ba cikakkiya ba ce, tana kuma raguwa da shekaru. An kuma yi ƙarancinsu a duniya, wanda ya sa a watan Oktoban 2022 aka koma ba da sha ɗaya maimakon biyu a wuraren annoba.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne wanda na fi girmamawa. Wani zai ce duk wannan zance na zobe da makama abin masu boko ne, talakan Gwaram ruwa mai tsabta yake buƙata da masai, in an ba shi su ba ruwansa da GM1. Haka ne, kuma babu abin da ke cikin wannan rubutu da ya sauke wa hukuma nauyin da ke kanta. Ƙasashen da suka rabu da kwalara da famfo da magudana suka rabu da ita, tun kafin a san akwai dafin. Jigawa ta yi abin a yaba a 2022 da ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili, amma a shekarar ce kuma ambaliya ta mamaye sassa da yawa na jihar, kuma ruwan ambaliya in ya cika masai, cikin rijiya yake juye shi. Burtsatsen da ya lalace aka bar shi yana mayar da unguwa guda rafi da kududdufi. Har zuwa ranar da za a gyara waɗannan, ƙwayar za ta riƙa samun hanyar shiga cikin wasu, kuma daga lokacin da ta shiga, abin da ya rage a hannun iyali shi ne sa'o'in nan na farko. Dalilin da ya sa nake ganin bayanin ya cancanci a kai shi ƙauye ke nan. An shekara da shekaru ana cewa a ba da ruwan gishiri da sukari ba tare da an faɗi dalili ba, umarnin da ba a san dalilinsa ba kuwa, da zarar yaro ya yi amai sau biyu ake watsar da shi. Ɗaliban kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta Birnin Kudu, da ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara, da masu kemis da su ne ake fara zuwa wurinsu, da limamai da masu unguwanni, duk suna iya faɗin abin cikin jimla uku: dafin ya riga ya shiga, zai fita da kansa cikin 'yan kwanaki, aikinmu shi ne kada ruwan jiki ya ƙare kafin nan. Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram kuma suna iya kai katan-katan na ORS da zink da sinadarin kulorin na tsabtace ruwa garuruwa irin su Sara da Basirka da Fagam da Kantoga da Wurno tun watan Mayu, a damƙa su a hannun mutanen da aka koya wa damawa da aunawa, kafin ruwan sama ya yanke hanyoyi.